Harafi ɗaya a allon shagona ya mai da ni abin dariya a dangin miji

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce mai 'ya'ya huɗu, karatuna ya tsaya a sakandare. Bara na kwashi adashi, na haɗa da kuɗin ɗankunnen zinarena da na sayar, na kama ɗan shago kusa da wata makarantar firamare. Ina sayar da littattafan rubutu, biro, fensir, alli, ambulan da makamantansu. Ni na rubuta wa mai fenti abin da zai sa a allon shagon, ya kwafa yadda na ba shi: sunan shagon, a ƙasa kuma "Books and Stationary". Wata bakwai allon yana nan ba wanda ya ce min uffan. Makon jiya ƙanin mijina da ya gama jami'a ya ɗauki hotonsa ya saka a zauren WhatsApp na dangi, ya rubuta wai matar yayansa ta buɗe shagon sayar da kayan da ba sa motsi. Aka yi ta dariya, har da facalolina. Da na kira shi sai ya ce ai wasan ƙanin miji ne. Tun ranar ba na iya ɗaga kai in kalli allon nan. Ga shi na buga littafin rasit goma na kuma yanka hatimi da wannan rubutun, kuma wata makarantar kuɗi ta ce in kawo takardar farashi don sabon zango. Anti, mene ne bambancin kalmomin nan biyu, kuma yaya aka yi suka yi kama haka? In sauke allon ne? Yaron nan kuma yaya zan yi da shi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sa wa shagon albarka, ya mayar miki da ɗankunnenki da wanda ya fi shi.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai kuskure a allon. Harafi ɗaya ne, na uku daga ƙarshe. Kayan da kike sayarwa, wato takarda da biro da ambulan da duk abin da ake rubutu da shi ko a kansa, sunansu a Turanci "stationery", da e. Ita kuwa "stationary" mai a sifa ce, tana nufin abin da yake tsaye cak a wuri ɗaya. In kika ji mai karanta labaran Turanci ya ce mota ta afka wa "stationary trailer", tirelar da aka ajiye a gefen titi yake nufi. Keken motsa jikin nan da ake tukawa a cikin ɗaki ba ya zuwa ko'ina, shi ma da ita ake siffanta shi.

Kunnenki bai yaudare ki ba. Baturen Landan yana furta su biyun iri ɗaya sak, Ba'amurke ma da nasa lafazin iri ɗaya yake furta su. Ba yadda za a yi mutum ya ji bambancin, sai dai ya gan shi a rubuce. Mu a Hausa matsalarmu ta juya baya ce: "gari" da ake zama a ciki da "gari" na tuwo rubutunsu ɗaya, baki ne yake raba su, haka "kuka" ta miya da "kuka" na hawaye. Bahaushe ya saba da cewa in ya rubuta abin da kunnensa ya ji to ya yi daidai, kuma a harshensa ya yi daidai ɗin. Ke ma abin da kika yi ke nan. Na daɗe ina koyar da Turanci, kuma na ga wannan "a" ɗin a takardun malamai 'yan'uwana, na gan ta a wasiƙun ofisoshi masu hatimi, na gan ta a allunan kantunan da suka ninka naki goma. Wata bakwai allonki yana kallon ƙofar makaranta, malamai suna wucewa safe da rana. Ina kyautata zaton da yawansu ba su ma lura ba.

Tambayarki ta biyu ita ta fi faranta min rai, don amsarta ta shafe ki fiye da yadda kike zato. Kalmomin nan ba kama kawai suka yi ba, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

A Latin, harshen Rumawan da, "stare" na nufin tsayawa. Daga nan suka sami "statio", wurin da aka tsayar da mutum ko abu: inda soja yake gadi, ko inda jirgin ruwa yake tsayawa a gaɓa. Sojan da aka girke a irin wannan wuri sai a kira shi "stationarius". Wannan kalma guda ita ce ta shiga Turanci ta ƙofa biyu.

Ƙofar farko ta masu duban sararin sama ce. Wajen ƙarshen ƙarni na 14 masu rubutu da Turanci suka fara amfani da ita ga taurarin nan masu yawo, irin su Zara. Wanda yake bin irin wannan tauraro dare bayan dare zai ga yana matsawa kaɗan-kaɗan a tsakanin sauran taurari, sai a kai wasu 'yan kwanaki da zai zama kamar ya ƙame, daga nan ya koma da baya. Wannan ƙamewar ita suka kira "stationary". A hankali kalmar ta sauko ƙasa, ta shafi duk abin da ba ya motsi. Har yau ba ta bar saman ba ma: kwanon dish da ke kan rufin gidaje sau ɗaya mai saiti yake ɗaure shi ya tafi, don tauraron ɗan'adam ɗin da yake kallo yana can kimanin kilomita 35,800 a saman layin ikwaita, wanda ya raba duniya Arewa da Kudu, yana zagayawa daidai da yadda duniyar take juyawa, saboda haka daga nan ƙasa kamar a kafe yake. Irin wannan tauraro "geostationary" ake ce masa, da a.

Ƙofa ta biyu ita ce taki, kuma a nan zan ɗan zauna.

A Turai ta wancan zamani, yawancin masu ƙaramin ciniki 'yan koli ne. Mutum ya ɗaura kayansa a baya ko a jaki, yau yana wannan kasuwa gobe yana waccan. Mai shago na dindindin shi ne baƙon abu, har ya cancanci suna na daban, sai aka ara masa sunan sojan nan mai gadi, aka ce masa "stationarius", mai tsayayyen wuri. Kamar dai yadda mu muke raba mai talla da mai tebur.

To a ƙarni na 13 jami'o'i suna tasowa a Bolonya ta Italiya, da Faris, da Okasfod ta Ingila. Ba a ƙirƙiro injin ɗab'i a Turai ba tukuna, sai a tsakiyar ƙarni na 15. Kowane littafi da hannu ake rubuta shi, galibi a kan jemammiyar fata, kuma tsadarsa ta fi ƙarfin ɗalibi. Sai jami'o'in suka ɓullo da dabara. Za a sami ingantaccen kwafi na littafin da ake karantarwa, a damƙa shi ga wani mai shago da ya yi wa jami'a rantsuwa. Ba a ɗinke littafin, a rarrabe yake ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi 'yan waraƙu, ana kiransa "pecia", wato yanki. Ɗalibi ya zo ya biya 'yan kuɗi ya karɓi yanki ɗaya haya, ya tafi ya kwafe ko ya ba marubuci ya kwafar masa, ya dawo da shi ya karɓi na gaba. Ta haka mutane da yawa suke kwafar littafi ɗaya a lokaci ɗaya, kowa da yankin da yake hannunsa. Duk wanda ya taɓa ganin malamin zaure ya kwance gafaka ya zaro waraƙa biyu ya miƙa wa almajiri ya je ya kwafa, ya ga irin abin da nake faɗa. Jami'a ce take yanke kuɗin haya, kuma tana da mutanen da suke duba yankunan nan, in sun ga kuskure a sa a gyara, don kuskure ɗaya a uwar kwafi zai yaɗu cikin littattafai masu yawa.

Mai irin wannan aiki dole ya zauna wuri ɗaya, in ba haka ba ina ɗalibi zai mayar masa da yanki? Shi ya sa sunan mai tsayayyen wuri ya manne wa masu harkar littafi fiye da kowa, har ya zama nasu su kaɗai. A Turanci ya zama "stationer".

A Landan masu wannan sana'a, da masu kwafa da masu ƙawata shafi da masu ɗinkin littafi, sun taru a kewayen babban cocin Sen Fol, kuma a 1403 suka haɗu suka zama ƙungiya ɗaya. Da William Caxton ya kafa injin ɗab'i na farko a Ingila a 1476, sana'ar ta sauya kama, amma sunan bai sauya ba. A 1557, zamanin Sarauniya Mary, ƙungiyar ta sami takardar izini daga fada, wadda ta sa kusan ba wanda zai buga littafi a ƙasar sai ɗan cikinta. Suna da babban kundi da ake rubuta sunan kowane littafi da wanda yake da ikon buga shi, kuma daga wannan al'ada aka gangaro zuwa dokar haƙƙin mallakar rubutu ta 1710, wadda ake ƙirgawa ta farko irinta. Ƙungiyar tana nan har gobe, da zaurenta a kusa da cocin.

Da kasuwa ta faɗaɗa sai sana'ar ta rarrabu. Mai buga littafi ya sami sunansa, mai sayar da bugaggen littafi ya sami nasa, tsohon sunan ya rage wa mai sayar da farar takarda da tawada da alƙalamin gashin tsuntsu. Wajen ƙarshen ƙarni na 17 ana ce wa kayansa "stationery wares", wato hajar wannan mutumin, a ƙarni na 18 aka gajarce ta koma kalma ɗaya. Gwamnatin Ingila ma da ta buɗe ofishin da zai riƙa sayo wa ma'aikatunta takarda da tawada a 1786, da wannan kalma ta raɗa masa suna. Kuma ga abin da ƙanin mijinki mai yiwuwa bai sani ba: a tallace-tallacen jaridun Ingila da Amurka na wancan ƙarnin, masu shaguna irin naki da yawa da a suke rubuta hajarsu, yadda kika rubuta. Daga baya ne ƙamusoshi da makarantu suka tsayar da cewa e ta kaya ce, a ta tsayuwa.

Ban kawo miki wannan don ki bar allon yadda yake ba. Yau ƙa'ida ta zauna, wanda duk ya duba ƙamus zai ce kin yi kuskure, kuma gaskiyarsa. Na kawo ne don ki san abin da ya haɗa su: an kira kayan da wannan suna ne saboda mai sayar da su ya kafa wuri ya zauna, ɗalibai suka san inda za su same shi. Ke ma abin da kika yi a ƙofar firamaren nan ke nan.

Kalmar ma ba baƙuwarki ba ce. "Tasha" da muke cewa, ta mota da ta jirgi da ta rediyo, daga "station" muka aro ta zamanin Turawa, lokacin da titin dogo ya iso Kano a 1911. Mutane kan zaci daga "tashi" take, tunda daga can ake tashi, alhali asalinta wurin tsayawa ne.

Yanzu yadda za ki riƙe bambancin ba sai kin sake tambayar kowa ba. Turanci yana ƙare sunan mai sana'a da "er", mu kuma da muka aro sai muka mai da shi "a": "teacher" ya zama tica, "driver" direba, "carpenter" kafinta, "messenger" masinja. Ke "stationer" ce, da "er" irin tasu. Ƙara y a ƙarshe, kin sami hajarki. Haka "baker" mai gasa burodi ya ba da "bakery". In wannan ya yi miki nisa, ɗauki ambulan ɗaya daga kan kantarki ki duba kwalinsa: "envelope", da e ya fara, kuma kayanki ne. Turawan ma da wannan ambulan ɗin suke koya wa 'ya'yansu, don su ma suna rikicewa.

Abu biyu ki kiyaye. Kada mai fenti ya ce zai ƙara miki "ies" a ƙarshe don ya ga haka a allunan cikin gari. Mun saba ganin "stationeries" a Najeriya, amma a daidaitaccen Turanci kalmar ba ta da jam'i, kamar yadda ba ma cewa "gishirori" in muna nufin gishirin miya. Na biyu, kada ki dogara da waya ko kwamfuta su ja miki jan layi. Duka kalmomin biyu ingantattu ne, saboda haka na'ura tana iya barin kuskuren ya wuce.

Allon kuwa kada ki sauke shi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Tunda fenti ne, aikin bai kai awa ɗaya ba: a shafe harafin da launin bangon allon, a bari ya bushe, a rubuta e. Ki rubuta masa kalmar da manyan baƙaƙe a takarda, ki tsaya a wurin har ya sauko daga tsani. Laifin ba nasa ba ne tunda abin da kika ba shi ya kwafa, don haka ki biya shi ɗan abin da ya nema ba tare da ƙorafi ba. Littattafan rasit goma kuɗi ne, kada ki zubar. Mai sayen fensir biyu da magogi ba ruwansa da harafin da ke saman rasit, ki ci gaba da ba su har su ƙare. Hatimi dai ki sake yanka shi, don shi ne zai hau takardar da za ki kai makarantar nan, kuma a can ne harafin yake da nauyi. Shugaban makaranta da zai zaɓi wanda zai kawo wa ɗalibansa kayan rubutu yana iya tsayawa a kan wannan, kuma ba zan ga laifinsa ba. Tun zamanin masu ba da hayar yankin littafi, amanar wannan sana'a ita ce rubutun da ya fito daga hannunka ya zama daidai. Ki sa a buga miki takardar farashin a kwamfuta, ki karanta ta da kanki layi-layi, ki ba wani ya sake karantawa. In kuma kina da niyyar yi wa shagon rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da sunayen kasuwanci, ki tabbatar da rubutun kafin ki biya, don gyaran suna bayan rajista wata hidima ce da wani kuɗin.

Saura ƙanin mijinki. Wasa tsakanin mace da ƙanin mijinta abu ne da muka gada, kuma yana da daɗi in an yi shi yadda ya kamata: ya tsokane ki a tsakar gida, ki rama, a yi dariya tare. Sharaɗinsa shi ne ke ma kina da bakin ramawa. Abin da ya yi ya fita daga wannan. Ya ɗauki abin da Allah ya ba shi dama ya samu ke ba ki samu ba, ya auna ki da shi a gaban dangi, a wurin da hoto yake zama a wayar kowa. Da gyara yake nufi, da ya tsaya a bakin kanta ya ce, "Yaya, harafin nan e ne," magana ta ƙare a nan, kuma da kin gode masa har ki ba shi biro kyauta. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana wasu su yi wa wasu izgili, kuma ba ta ware 'yan jami'a ba.

Duk da haka ban ba ki shawarar ki mayar masa a zauren ba, kuma kada ki fice daga zauren cikin fushi, don facalolin da suka yi dariya abin da za su tattauna gobe ke nan. Ki fara da maigidanki. Ki gaya masa a natse, ba a gaban yara ba, cewa abin ya yi miki ciwo, kuma kina so ƙaninsa ya goge hoton. Shi ne yayansa, maganarsa ta fi taki nauyi a wurinsa. In yaron ya zo gaishe ku, kada ki ɗaure masa fuska. Ki ce masa, "Na gode da ka nuna min kuskuren, na gyara. Amma gaba in ka ga wani, ni za ka gaya wa, ba duniya ba." Ki tsaya a nan, kada ki ƙara. Yawancin samari masu irin wannan rawar kai ba mugunta ce take sa su ba, ɗokin sabon ilimi ne da son a san sun sani, kuma magana ɗaya mai sanyi daga matar yaya takan shige su fiye da faɗa. In ya ba da haƙuri ki karɓa. Kina ma iya miƙa masa takardar farashin ki ce ya duba miki ita kafin ki kai, karatun nasa ya yi wa gidan amfani.

Akwai abin da ya fi damuna a wasiƙarki, inda kika ce ba kya iya ɗaga kai ki kalli allon. Na ga yara mata da yawa da aka yi wa dariya sau ɗaya a aji saboda kalmar Turanci, suka rufe baki har suka gama makaranta. Kada ki bar wannan ya same ki da girmanki. Ki ci gaba da rubuta Turancinki a rasit da takardun oda, ki ajiye ƙaramin ƙamus a ƙarƙashin kanta, tunda ma kina sayar da shi, ki duba duk kalmar da kika yi shakka.

Ran da fenti ya bushe, ki ɗauki hoton allon da kanki ki saka a zauren, ki haɗa da farashin dozin na littattafan rubutu, ki ce sabon zango ya matso, masu 'ya'ya a makaranta su zo ku yi ciniki. Kuma kada makon nan ya fita ba ki kai wa makarantar takardar farashin ba, don ba ke kaɗai suka ce ta kawo ba.